Amsa ga mai tambaya kan fitar da 'yan tsaki zuwa akurki

Assalamu alaikum. Malama, na karanta tambayarki cewa kina da 'yan tsakin Noiler (nau'in kajin da ake kiwo don nama da ƙwai) guda 30 da suka cika mako huɗu a ɗaki, wari da ƙura sun ishe ki, kina so ki san ko lokacin mayar da su akurkin bayan gida ya yi. Ni ma a nan Katsina nake kiwo, wajen Ƙofar Marusa, kuma shawarata ita ce ki ƙara haƙurin mako biyu, domin muna tsakiyar Disamba, sanyin asubahin hunturu kuwa ba ya raga wa ɗan tsakon da gashinsa bai gama fitowa ba.

Gashin za ki duba kafin ki ƙirga kwanaki. A makon farko ɗan tsako yana buƙatar zafin da ya kai digiri 33 zuwa 35 a ma'aunin Celsius, ana rage kamar digiri 3 duk mako, har gashi ya rufe masa jiki wajen mako shida. Ki ɗauki guda a hannu, ki ɗaga fiffikensa, ki duba wuya da kai. Matuƙar kina ganin fata a fili ko wannan lallausan gashin da aka ƙyanƙyashe shi da shi, to bai isa kwana a waje ba.

Na san wannan ne ta hanyar asara. A shekarar da na fara kiwo na fitar da guda 40 suna da mako huɗu, saboda da rana suna ta tsalle-tsalle, na ɗauka sun yi ƙwari. Da na fito bayan sallar asuba sai na tarar sun cure a kusurwa guda, sun hau kan juna, da na ɗaga na sama ɗaya bayan ɗaya sai ga bakwai a ƙasa sun mutu, jikinsu ma da sauran ɗumi. Babu wata cuta da ta taɓa su, sanyi ne ya sa suka danne juna. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, don gaggawata ce ta jawo.

Tun daga nan nake bi da su sannu a hankali. Ina fara ɗauke musu murhun gawayi da rana, bayan kwana uku ko huɗu in ɗauke na dare, suna nan a ɗakin. Daga nan sai in riƙa kai su akurkin da hantsi, in dawo da su kafin la'asar ta yi sanyi, har tsawon mako guda. Ranar da za su tare gaba ɗaya, da safe nake kai su, tare da mazubin abinci da na ruwan da suka saba da shi, sannan in kulle su a ciki kwana uku zuwa huɗu domin su san nan ne makwancinsu, in ba haka ba kullum da magariba za ki same su a ƙofar tsohon ɗakin suna kuka.

Shi akurkin, ki rufe gefen gabas da arewa da buhuna, don ta nan iskar hunturu ke kaɗowa, amma ki bar sarari ta sama iska ta riƙa fita, musamman idan za ki sa musu gawayi a dararen farko, domin hayaƙinsa a rufaffen wuri yana kisa. Ki shimfiɗa busasshen buntun shinkafa da kauri, ki riƙa kwashe wanda ya jiƙe a gindin mazubin ruwa, saboda danshi ne ke kawo gudawa mai jini. Wayar da aka kewaye akurkin da ita kuma ta zama mai ƙananan ido, a binne bakinta a ƙasa, don gafiya haƙa take yi, muzuru kuma yana zura hannu. Idan akwai filin da za su riƙa fita, a yi masa rumfa ko raga saboda shirwa.

Kada ki haɗa su da manyan kajin gida yanzu. Za su tsattsage su, su hana su abinci, kuma sau da yawa su ne ke ɗauke da cuta ba tare da sun nuna ba. Ki tabbata sun samu rigakafin cutar Gumboro da kuma Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle, kafin fitar, amma kada ranar rigakafi ko ranar canjin abinci ta zo daidai da ranar ƙaura. Da a Afrilu kika yi wannan tambayar, da inuwa da ruwan sanyi kawai zan jaddada miki.

A daren farko ki leƙa su da tocila wajen ƙarfe goma, ki sake leƙawa kafin asuba. In kin gan su a baje suna barci shiru, komai lafiya. In kuwa sun cure suna ƙara, ki mayar musu da ɗumi a daren, kada ki jira gari ya waye. Allah ya sa albarka a kiwon.