Ku Tambaya Mu Amsa: Littafi ɗaya, fayil kala-kala, wanne zan ɗauka?

TAMBAYA: Salam Malam. Na shiga Project Gutenberg, ɗakin karatun nan na intanet, zan sauke wani tsohon littafi kyauta, sai na ga littafi ɗaya amma an jero min shi kala-kala, ga HTML ga EPUB ga Kindle ga wani wai Plain Text. Na danna na ƙarshen sai na ga wasu kalmomi da ɗan layi gaba da baya _kamar haka_, wlh na ɗauka fayil ɗin ne ya lalace. Wanne ne na ainihin a ciki? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikis salam Malama. Fayil ɗinki lafiyarsa ƙalau, kuma duka na ainihi ne, rubutun iri ɗaya ne, alamomin da aka saka masa ne suka bambanta. Kin ga ita kwamfuta bata san wannan layin take bane, wancan kuma farkon babi ne, jerin haruffa kawai take gani, dole sai an saka mata alama a cikin rubutun ana ce mata nan sakin layi, nan rubutu a karkace. Wannan sa alamar shi Turawa ke kira markup, kuma sunan ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, tun zamanin da edita ke bin rubutun marubuci da alƙalami yana yi wa mai jera haruffa a maɗaba'a alama.

To ɗan layin nan da ya tsorata ki shima alama ce. Plain Text tsuran rubutu ne, bai iya karkatar da harafi ba, shi yasa masu aikin sa-kai na ɗakin karatun suke sa layi gaba da baya don ki gane a bugun takarda kalmar a karkace take. Kar ki raina shi fa. Michael Hart da ya fara aikin a 1971 a Jami'ar Illinois ta Amurka, inda ya soma da buga takardar shelar 'yancin kan Amurka, ya nace sai an ajiye littafi a tsuran rubutu saboda kowace na'ura zata iya buɗe shi, kuma lokaci ya gaskata shi, manhajojin rubutu nawa ne suka zo suka mutu suka tafi da fayilolin mutane, amma na Hart har yau yana buɗewa ko a wayar da ta gaji da duniya. Matsalar Plain Text ta da ita ce ASCII, tsohon tsarin haruffan kwamfuta wanda gurbi 128 ne kacal gare shi, babu ƙ babu ɗ babu ɓ, ko wasalin Faransanci mai ɗigo a ka babu. Yanzu tsarin haruffa na UTF-8 ake amfani dashi, ya ɗauke wannan ciwon kai. In kika ga haruffa sun rikiɗe sun zama shirme irin Ã©, to manhajarki ce ta karanta da tsarin haruffan da ba shi ba, ba ruwan alamomi.

HTML kuma shine yaren shafukan intanet, Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1990. Alamominsa ana kulle su ne tsakanin < da >, harafin p na sakin layi, h1 na babban take, burauza ta karanta ta ɓoye su ki ga shafi tsaf har da hotuna da jerin babi da zaki danna. EPUB ba wani sabon abu bane can, shafukan HTML ne aka tattara da hotunansu aka ɗaure a fayil ɗin zip, in kina son tabbatarwa canza ƙarshen sunansa zuwa .zip ki buɗe ki sha kallo. Daɗinsa rubutun na bin girman sikirin, ki ƙara girman harafi ya sake jeruwa da kansa. Na Kindle na masu na'urar Amazon ne. Ni dai in a waya zaki karanta ɗauki EPUB ki huta, in a kwamfuta ne HTML, Plain Text kuma ki ajiye shi don bincike ko kwafar wani sashe.

TAMBAYA: Malam ina sha'awar taimaka wa Project Gutenberg da gyaran littattafai amma na ga ana ta maganar TEI da TeX, gabana ya faɗi. Sai na iya su tukunna? Daga wani mai karatu.

AMSA: A'a ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. TEI tsarin sa alama ne da masana suka faro a 1987, yanzu akan XML, wani yaren alamomi mai kama da HTML, yake tafiya, shi ba ruwansa da yadda shafi zai fito, ma'ana yake bi, yace wannan baitin waƙa ne, wannan sunan mai magana ne a wasan kwaikwayo, daga fayil ɗaya sai a fitar da sauran nau'o'in. TeX kuma tsarin jera rubutu ne don bugu, masanin kwamfuta Donald Knuth ya fitar dashi a 1978 don ya gaji da yadda ake ɓata masa lissafi a bugu, shi yasa a littattafan lissafi zaka fi cin karo dashi, kuma galibi da PDF a gefensa.

Amma sabon shiga ba nan yake farawa ba. A Distributed Proofreaders, shafin masu gyaran rubutu na sa-kai wanda aka kafa a 2000 kuma ta nan littattafai da yawa ke shiga ɗakin karatun, shafi ɗaya za'a baka, hoton takardar a gefe, rubutun da na'ura ta karanto a gefe, aikinka ka kama inda ta ga rn ta rubuta m ko ta ga harafin l ta sa lamba 1. Zagayen sa alamomi daban yake, sai hannunka ya faɗa ake buɗe maka shi.