Tambayi Likita: Jikina ya ƙi komawa bayan haihuwa

Tambaya: Likita, sati uku ke nan da haihuwata, amma cikina kamar na mai wata biyar. Lafiya kuwa?

Amsa: Lafiya lau, 'yar uwa. Mahaifa takan kai kusan kilo 1 a ranar haihuwa, kuma sai ta ɗauki kamar sati 6 kafin ta tsuke ta koma mazauninta. Ki ba ta lokaci.

Tambaya: Tiyata aka yi mini. Yaushe zan fara motsa jiki?

Amsa: Ɗan tattaki a hankali, tun yanzu. Ɗaukar kaya mai nauyi da tsalle-tsalle kuwa sai bayan sati 6, shi ma sai an duba ki. In wurin ɗinkin ya yi ja, yana ruwa, ko zazzaɓi ya rufe ki, sai asibiti.

Tambaya: Ƙawata ta kawo mini shayin rage ƙiba da ta saya a intanet, ta ce cikin kwana goma teɓa za ta zube. Ina shayar da ɗan wata biyu, na kuma daina cin abincin dare. In ci gaba?

Amsa: Don Allah ki ajiye shi yau ɗin nan. Wallahi na gaji da ganin masu jego suna shigowa a galabaice, leɓe a bushe, jiri na ɗibarsu, sai an matsa da tambaya su zaro ledar shayin daga jaka.

Yawancin irin wannan shayi maganin sa gudawa ne ko na yawan fitsari. Abin da yake zubar miki ruwa ne, kitsen na nan daram. Sikeli zai nuna kin ragu, ki sha ruwa kwana biyu nauyin ya dawo. Tare da ruwan kuma kina asarar sinadarin fotashiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Akwai ma waɗanda aka bincika aka tarar an cusa musu sibutramine, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ba a rubuta shi a jikin kwalin ba, ke kuma ga jariri a ƙirji.

Batun yunwa kuma, mai shayarwa na buƙatar ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) kusan 500 a rana. Ki koma cin abincinki sau uku, ki rage zaƙi da maiƙo, ki riƙa tafiya. Rage rabin kilo a sati ya wadatar. In kin ji zuciyarki na fat-fat, ko gudawar ta ƙi tsayawa, kar ki jira gari ya waye, ki je asibiti da kwalin a hannu.

Tambaya: In na yunƙura zan tashi, sai tsakiyar cikina ta tuttulo. Mene ne?

Amsa: Tsokokin ciki ne suka rabu. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwa, ki ɗan ɗaga kai, ki taɓa saman cibiya. In ramin ya ci fiye da yatsu biyu bayan sati 8, a duba ki. Kafin nan ki riƙa tashi ta gefe, ki bar atisayen kwanta-tashi. In kumburin na ciwo ko ya yi tauri ya ƙi komawa, ki zo a ranar.