Tambaya da Amsa: Muna son fita hutun kwana uku mu kalli besbol na ƙananan ƙungiyoyi, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Columbus ta jihar Ohio, shekararmu shida a Amurka. Yaranmu uku, babban shekararsa goma sha ɗaya, ya shiga besbol a makaranta, yanzu ba shi da magana sai ta ƙwallo da kulki. Mun duba kuɗin kai su wasan manyan ƙungiyoyi, muka ga ya fi ƙarfinmu. Wata maƙwabciya ta ce mu gwada na ƙananan ƙungiyoyi, mu haɗa da yawon buɗe ido a wani birni. Ni da maigida ko dokar wasan ba mu sani ba. Wane birni za mu je, yaushe, kuma ya za mu yi da abinci da sallah? In da hali kuma, akwai wanda ya dace mu je mu biyu kawai wata rana?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Maƙwabciyar nan ta ba ki shawara mai kyau. Amma kafin ki buɗe shafin otal, kafin ma ki zaɓi ranar hutu a wurin aiki, ki fara buɗe jadawalin wasanni. A nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Tun daga 2021 da aka sake tsarin ƙananan ƙungiyoyin, kusan kullum ana buga wasa shida ne a jere da abokin hamayya ɗaya a fili ɗaya, daga Talata zuwa Lahadi, Litinin a huta. Mako mai zuwa ƙungiyar ta tattara ta tafi wani gari. Wato in kika kama otal a makon da ba sa gida, filin a kulle za ki same shi, ba wasa ɗaya kika rasa ba, makon duka ne. Gefe mai daɗin tsarin kuma, in kika dace da makon gida, Juma'a da Asabar da Lahadi duk akwai wasa, in ruwan sama ya ɓata ɗaya kina da biyu a hannu.

Bari in ɗan warware miki yadda abin yake, don ki san abin da za ki biya kuɗi ki gani. Manyan ƙungiyoyin besbol guda 30 ne. Kowacce tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu da take rainon 'yan wasa a cikinsu, jimilla 120, a matakai huɗu: Single-A, High-A, Double-A, sai Triple-A wanda daga shi sai babban fage. 'Yan Triple-A suna buga wasa 150 a shekara, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, rabi a gida. Na ƙasa da su suna farawa a Afrilu su ƙare da ɗan wuri. Kada kalmar “ƙanana” ta sa ki raina su. Wanda ɗanki zai gani yana jifa ranar Juma'a, ana iya kiransa sama ranar Litinin, kuma tauraron da ya ji rauni a babbar ƙungiya nan ake turo shi ya buga 'yan wasanni kafin ya koma. Ko Michael Jordan, da ya ajiye ƙwallon kwando ya gwada besbol a 1994, a Double-A ya tsaya, a ƙungiyar Birmingham Barons, bai kai sama ba.

Shawarata ta farko ba ta buƙatar otal. A garinku akwai Columbus Clippers, ƙungiyar Triple-A ta Cleveland Guardians, suna wasa a Huntington Park cikin gari. Ku je wasa ɗaya can tukuna, da yamma, ku ga ko ƙaramin cikin yaran zai iya zama awa biyu da rabi. Gara ki gane haka mil biyar daga gida da ki gane bayan tuƙin awa uku.

In gwajin ya yi kyau, ni Louisville ta jihar Kentucky zan tura ku. Tafiyar awa uku ce da 'yan mintuna a mota, ta hanyar Cincinnati. Dalilina ba ingancin ƙungiyar ba ne, Louisville Bats wata shekara su yi kyau wata shekara su sha kashi, kuma ba wanda zai tuna sakamakon wasan bayan wata guda. Dalilina shi ne titi ɗaya mai suna Main Street. Filin wasan, Louisville Slugger Field, wanda aka buɗe a 2000, yana gabashin titin kusa da Kogin Ohio. Kimanin mil ɗaya yamma a kan titin nan akwai masana'antar kulkin besbol ta Louisville Slugger da gidan tarihinta. Ba za ki ɓata ba, don wani ƙaton kulki mai tsawon ƙafa 120 yana jingine da ginin, ya zarce rufin. A ciki ana zagayawa da baƙi su ga yadda ake sassaƙa guntun itace ya zama kulki cikin ƙanƙanin lokaci, ƙanshin itace ya cika wurin, a ƙarshe kowa a miƙa masa ɗan ƙaramin kulki kyauta. Tsakanin wuraren biyu kuma akwai Cibiyar Muhammad Ali, da aka buɗe a 2005. A garin aka haife shi a 1942, a nan aka binne shi a 2016, a maƙabartar Cave Hill, kuma ana barin mutane su kai ziyara da rana. Ina tsammanin maigida, wanda bai damu da besbol ba, a cibiyar nan zai ji kuɗin man motarsa ya biya.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne kusancin. Ki nemi otal a tsakiyar gari, ki ajiye mota ranar Juma'a, kada ki sake taɓa ta sai za ku je Cave Hill ko za ku koma gida. Otal na bakin babbar hanya ya fi araha a takarda, amma in kin haɗa kuɗin fakin sau uku a rana, da ɗaure yara a kujera da kwance su, da neman hanya cikin dare bayan an tashi wasa, ribar ta tafi. Wannan ita ce ma'aunin da nake auna kowane birni da ita: shin filin yana cikin gari, ana takawa zuwa gare shi da ƙafa? Indianapolis ta ci wannan jarrabawa, filinta Victory Field yana dab da gidan namun daji da gidajen tarihi, ga gidan tarihin yara nasu wanda babu kamarsa a girma, ko da yake shi sai an ɗan hau mota. Toledo ma haka, ga gidan zane-zanenta da ake shiga kyauta. Dayton ta fi kusa da ku, amma tikitinta sai an saya da wuri, don filin ya yi suna wajen cika tun da aka buɗe shi a 2000.

Lokaci kuwa, ki guji makon farko na Mayu a Louisville kamar wuta. Asabar ɗin farko ta Mayu ake sukuwar dawaki ta Kentucky Derby, kuɗin otal ya ninka ya sake ninkawa. Indianapolis ma tana da irin nata a ƙarshen Mayu saboda tseren motoci. Afrilu da dare akwai sanyi mai shiga ƙashi, Yuli da Agusta zafi ne mai gumi. Farkon Yuni, da an rufe makaranta, ko farkon Satumba, su na fi so.

Sai zaɓen rana, kuma a nan akwai abin da ba a rubuta wa iyali irin naku a talla. Kowace rana ƙungiyoyin nan suna da abin jan mutane. A filaye da yawa Alhamis daren giya mai araha ne, filin ya cika da samari da hayaniya, ba daren kai yara ba ne. Juma'a ko Asabar galibi ana wasan wuta a sama bayan an tashi. Lahadi wasan rana ne, kuma a wurare da yawa bayan an gama ana barin yara su sauka cikin fili su zagaya da gudu tashoshi huɗun da 'yan wasa ke zagayawa don cin maki. Ga yaron da ba shi da magana sai besbol, taka ƙasar filin nan ya fi masa komai a tafiyar. Don haka ki sayi na Juma'a da dare da na Lahadi da rana, Asabar ki bar ta ga gari. Ki duba shafin ƙungiyar ki tabbatar, don tsarin yana canzawa daga shekara zuwa shekara.

Wurin zama: tikiti galibi bai wuce dala goma zuwa ashirin da 'yan kai ba, abinci ne ke cinye kuɗi. A yawancin filaye an gina su ne mai bugu yana fuskantar gabas ko arewa maso gabas, saboda haka da yamma rana tana faɗuwa ta bayan ɓangaren tasha ta uku. Ki zauna can, inuwa ta riga isa gare ku, na ɓangaren tasha ta ɗaya kuwa rana na cikin idonsu har ta faɗi. Ki zaɓi kujerun da ke bayan raga. Ƙwallon besbol tauri gare ta kamar dutse, kuma in ta kauce daga kulki tana shiga cikin 'yan kallo da gudun da babba ma ba ya iya kaucewa, balle yaron da ke kallon ayis-kirim ɗinsa. Filaye da yawa suna da gangaren ciyawa a can baya inda ake shimfiɗa bargo, ya fi arha, kuma ƙaramin yaro ya samu wurin birgima.

Dokar wasan ba za ta hana ku jin daɗi ba. Zagaye tara ake yi. A kowane zagaye ƙungiya ɗaya tana bugu har sai an fitar da mutum uku nata, sai a juya. Wanda ya zagaya tashoshi ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Sauran ki bar wa ɗanki, zai ji daɗin zama malami. Tun da aka sa agogon da ke ƙayyade wa mai jifa lokaci, wasa ya kan ƙare cikin kusan awa biyu da rabi. Kafin a fara kowa zai miƙe a rera taken ƙasa, a tsakiyar zagaye na bakwai a sake miƙewa a miƙe ƙafa a yi waƙa. Tsakanin zagaye akwai tsere da raha da dodon ƙungiya yana rawa a kan rumfar 'yan wasa. Ku isa da an buɗe ƙofa, kamar awa ɗaya kafin wasa, yaron ya tsaya bakin shinge da ƙwallo da biro, 'yan wasan nan suna sa hannu ba tare da girman kai ba. A ƙofar filin Louisville akwai mutum-mutumin Pee Wee Reese, ɗan garin da ya yi wasa tare da Jackie Robinson, baƙar fatar da ya karya shingen launin fata a manyan ƙungiyoyi a 1947. Shekara ɗaya kafin nan Robinson ɗin ya zo Louisville da ƙaramar ƙungiyarsa ta Montreal, ya sha ihu da zagi daga 'yan kallo. Labari ne da ya kamata yaro baƙar fata mai son wasan ya ji a wurin da abin ya faru.

Abinci: tsiran naman da ake sayarwa cikin burodi sau da yawa akwai alade a ciki, wanda aka ce na sa ne zalla kuma ba yankan Musulmi ba ne, wannan ya rage ga abin da gidanku ya tsaya a kai. Mafi sauƙi ku ci ku ƙoshi kafin ku shiga, a ciki ku tsaya ga gyaɗa da gugguru da soyayyen dankali da lemo. Ki karanta dokar jaka tun daga gida, wasu filaye sai jaka mai shara-shara da ake ganin ciki, kuma da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi sai kati. Sallah kuma ta zo muku da sauƙi a wannan yanki. Louisville tana can gefen yamma na yankin da ke bin agogon gabashin Amurka, a Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. Wasan da aka fara wajen bakwai, ku yi La'asar a otal, Magariba ta same ku ana dab da tashi, ku taka zuwa ɗaki ku yi. Ga wata fa'idar otal na kusa ke nan. In ruwa ya hana wasa, ko aka tsaya kafin a cika zagaye biyar, kada ki jefar da tikitin, ana musanya shi da na wata rana.

Batun ku biyu kuwa, birnin nan ma ya isa, sai dai a juya tsarin. Wasa ɗaya ya wadatar, ku sayi kujera ta bayan mai kama ƙwallo inda ake jin ƙarar ƙwallon tana faɗawa safar hannu, tunda tikiti biyu ne ba biyar ba. Da la'asar ku taka gadar Big Four, tsohuwar gadar jirgin ƙasa da aka mayar ta masu tafiya da ƙafa, ku tsallaka kogin zuwa Jeffersonville ta Indiana ku dawo. Akwai kuma Belle of Louisville, jirgin ruwa mai tururi da aka ƙera a 1914, har yanzu yana ɗaukar mutane yawo a kogin. Masu talla za su yi ta tura muku yawon gidajen barasa, don da ita Kentucky ta yi suna, ku wuce abinku. In kuna son wani gari dabam, Durham ta Carolina ta Arewa tana da fili cikin gari mai allon bijimi a saman katanga, wanda ke fitar da hayaƙi ta hanci duk lokacin da ɗan gida ya buga ƙwallo ta fice. In kuma wata rana ta jirgin sama kuka je Louisville, ɗan kulkin nan na kyauta ki sa shi a babbar jaka, masu bincike a filin jirgi ba sa barinsa ya shiga a jakar hannu.