Amsar Maigida Kan Lokacin Yanke Wuta da Takwarorinsa a Wasu Sana'o'i

Yarona, ka tambaye ni ma'anar abin da injiniya ya kira "kiliyarans taim" a takardar aikin wutar lantarki da aka ba mu, kuma ka ce abin ya ɗaure maka kai domin yayanka da ke fitar wa 'yan kasuwa kaya a tashar jiragen ruwa yana ƙirga wannan lokaci da makonni, alhali a takardarmu an rubuta sakan 0.4. Yayanka yana da gaskiya, injiniyan ma yana da gaskiya. Sana'o'i da dama suna kiran wannan suna, kuma a kowace daga cikinsu ana nufin tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a kawar da wani abu da ya tare hanya. Duk inda ka ji shi, ka fara tambayar inda ake soma ƙirga, da inda ake tsayawa, da kuma wanda jinkirin zai faɗa wa.

A wajen yayanka ana fara ƙirga ne daga saukar kwantena a Apapa ko Tin Can, a tsaya ranar da kwastam da sauran hukumomi suka sake ta, kuma jinkirin yana faɗa wa aljihun mai kaya ta hanyar kuɗin ajiya da ke ƙaruwa kullum. A banki, lokacin yana tsakanin miƙa cek da ranar da kuɗin ya zama naka ka iya cire shi. Masu tsara fitilun ba da hannu a mahaɗar titi suna nufin 'yan sakan ɗin da fitila take rawaya, haɗe da ɗan lokacin da duk ɓangarori suke ja, domin motar da ta riga ta shiga tsakiya ta fice kafin a saki masu zuwa ta gefe. A Ingila rawayar sakan 3 take yi. A jihar Florida ta Amurka kuwa, inda mahaukaciyar guguwa take yawan faɗawa, suna nufin awoyin da za a ɗauka a kwashe jama'a a motoci kafin guguwar ta iso, kuma har zuwa 2025 an yi shekaru ana riƙe da awa 24 a matsayin iyaka ga tsibiran kudancin jihar, har yawan gidajen da ake yarda a gina a can ya rataya a kan wannan adadi.

Na likitoci ya fi kusa da namu, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. Idan aka ba mai zazzaɓin cizon sauro magani, ana ɗibar jininsa lokaci zuwa lokaci a duba, kuma lokacin da ake nufi shi ne daga shan maganin farko zuwa sa'ar da aka daina ganin ƙwayoyin cutar a jini. Magungunan da ke ɗauke da sinadarin atimisinin sukan share su cikin kwana biyu zuwa uku. Da masu bincike suka ga wannan lokaci ya tsawaita a yammacin Kambodiya wajen shekarun 2008 da 2009, sai suka gane cewa cutar ta fara bijire wa maganin tun kafin ya daina aiki gaba ɗaya. Abin lura shi ne, maganin yana nan yana warkarwa, amma jinkirinsa ne ya tona matsalar. Haka bireka, wato na'urar da ke yanke wuta idan an sami matsala, take: tana iya faɗuwa, mai gida ya ce lafiya lau take, alhali ta makara.

A sana'armu, ana fara ƙirga daga lokacin da matsala ta auku, wato waya mai wuta ta taɓa nutiral ko ta taɓa jikin ƙarfen firji ko injin, kuma ana tsayawa sa'ar da wutar ta daina gudana ɗungurungum. Ka kula da wannan ƙarshen. Rabuwar bakin ƙarfen da ke cikin bireka ba ita ce yankewar wuta ba, domin tartsatsi yakan tsaya tsakanin bakunan biyu yana ci gaba da ɗaukar wutar har sai ya mutu. Don haka lokacin ya ƙunshi na gano matsala, da na buɗewar bireka, da na mutuwar tartsatsi. A fiyus ma haka ne, akwai lokacin narkewar waya sannan akwai na tartsatsin da ke biyo baya. Wutar da muke samu daga layi tana kaiwa da komowa sau 50 a sakan, tana ratsa sifiri sau 100, kuma a nan ne tartsatsin yake samun damar mutuwa. Wutar batir da ta farantin sola ba ta ratsa sifiri, saboda haka idan ka ɗaura mata birekar wutar gida, tana iya buɗewa tartsatsin ya ƙi mutuwa har akwatin ya kama da wuta. Wannan kuskure ya yawaita tun da aikin sola ya buɗe, kuma ba na so in gan shi a hannunka.

Dalilin da ya sa muke ƙirga da ɓarɓashin sakan biyu ne, jikin mutum da jikin waya. Wutar da ta kai kashi 10 cikin dubu na amfiya tana iya riƙe hannun mutum ya kasa saki, kuma wadda ta haura kashi 30 cikin dubu, idan ta daɗe tana ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya har mutum ya rasu. Yawan wutar da tsawon zamanta a jiki tare suke aiki. A kan wannan ne ƙa'idar IEC 60364 da ta Ingila, BS 7671, wadda yawancin injiniyoyinmu suke bi, suka kafa iyaka ga wuta mai bolt 230. Layin soket dole ya yanke cikin sakan 0.4 idan atin ɗin gidan, wato hanyar kariya da wutar matsala take bi, yana komawa ta waya har taransifoma, ko cikin sakan 0.2 idan gidan ya dogara ga sandar da aka kafa a ƙasa kawai. Manyan layukan da ke kai wuta daga akwati zuwa akwati an yi musu sassauci, sakan 5 a tsari na farko da sakan 1 a na biyu, domin ba su ne mutum yake riƙewa da hannu ba. Wannan shi ne asalin 0.4 ɗin da ka gani.

Ta fuskar waya kuma, zafin da take ɗauka yana tafiya da tsawon lokaci kai tsaye, amma da yawan wuta ninki a kan ninki: lokaci ya ninka biyu, zafi ya ninka biyu, wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Robar PVC da ke jikin wayar gida an yi ta ne ta yi aiki a digiri 70, kuma a lokacin matsala bai kamata ta wuce digiri 160 ba. Wayar da ta wuce wannan ba lallai ta ƙone nan take ba, sai dai robarta ta bushe ta tsage a cikin bango inda ido ba ya gani, gobarar ta zo daga baya.

Yanzu ga abin da nake so ka fahimta fiye da komai. Lambar da ke rubuce a jikin bireka ba ta yi maka alkawarin sauri ba. Ƙaramar bireka tana da hanyoyin faɗuwa biyu, ɗaya ta ƙarfen da ke lanƙwashewa a hankali idan ya yi zafi, ɗaya kuma ta maganaɗisu da ke fizge ta nan take idan wuta ta yi yawa sosai. Mai harafin B tana fizgewa tsakanin ninki 3 zuwa 5 na lambarta, mai C tsakanin 5 zuwa 10, mai D tsakanin 10 zuwa 20. Ke nan B32, wato mai harafin B da lambar amfiya 32, tana bukatar amfiya 160 kafin ka tabbata za ta faɗi nan take, C32 kuma 320. Idan ka raba 230 da waɗannan, za ka ga cewa turjiyar da'irar da wutar matsala take bi, daga taransifoma zuwa inda abin ya faru ta koma, bai kamata ta wuce kimanin om 1.4 ga B32 ba, ko om 0.7 ga C32. A ce wayar ta yi tsawo, ko siririya ce, ko wani haɗi ya saki, turjiyar ta kai om 2. Wutar da za ta gudana amfiya 115 ce kacal, C32 ba za ta fizge ba, za ta jira ƙarfenta ya yi zafi, sakanni su yi ta wucewa, kuma duk tsawon wannan lokaci jikin firjin yana ɗauke da wuta. Idan wutar unguwa ta yi ƙasa, ko gidan yana kan ƙaramin janareta ko imbata waɗanda ba sa iya turo wuta mai yawa, lamarin ya ƙara muni.

Sandar atin kuwa, a ƙasa mai yashi da rani, turjiyarta tana iya kai om 50 ko fiye. Raba 230 da 50, ba ka kai amfiya 5 ba, wato birekar ba za ta ma san an yi wani abu ba. Shi ya sa ba na barin gidan da ya dogara ga sanda ba tare da RCD mai kashi 30 cikin dubu na amfiya ba, wadda ke kwatanta wutar da ta tafi da wadda ta dawo, ta yanke idan ta ga giɓi. Ƙa'ida ta ce ta faɗi cikin milisakan 300, wato kashi 300 cikin dubu na sakan, a daidai adadinta, da cikin milisakan 40 idan an ninka shi biyar. Maɓallin gwaji da ke jikinta yana nuna cewa ƙarfenta bai maƙale ba, amma ba ya gaya maka tsawon lokacin da ta ɗauka. Wannan sai na'urar gwaji. Kuma ka auna sanda da rani, domin awon damina yana ruɗin mutum.

Kada ka ɗauka cewa kowace bireka ake so ta fi kowa sauri. Idan soket ɗaya ya sami matsala, birekarsa ce ya kamata ta faɗi, ba babbar ta gida ba, balle fiyus na taransifomar unguwa. Don haka ake jera su da gangan, na kusa da matsala ya riga, na bayansa ya ɗan jira ko na gaba zai gaza. A manyan layukan bolt 330,000 da ke ɗauko wuta daga Kainji da Jebba da Shiroro, rile, wato na'urar da ke gano matsala, da bireka tare sukan gama aikinsu cikin kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan, kuma injiniyoyi suna lissafa wata iyaka wadda idan matsala ta wuce ta ba a yanke ba, injinan tashoshin za su daina juyawa tare, su fara ficewa ɗaya bayan ɗaya, duhu ya game jihohi.

Saboda haka idan mai gida ya ce maka bireka tana damunsa da faɗuwa ka sa masa babba, ko ka ɗaure fiyus da waya mai kauri, ka ƙi cikin ladabi, ka nemi dalilin faɗuwar, domin abin da yake roƙo shi ne ka tsawaita wannan lokaci a gidan da 'ya'yansa suke kwana. A aikin da ke gabanmu, kafin mu rufe akwatin, kai ne za ka riƙe na'urar awo: ka auna turjiyar da'ira a soket mafi nisa na kowane layi, ka kwatanta da harafi da lambar birekarsa, ka gwada kowace RCD, ka rubuta milisakan ɗin da ta nuna a takarda, sannan ka kawo mini mu duba tare.