Hukuncin kayan mota da suka ɓata a hannun mai garaji

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin unguwar Birni ne a Damagaram. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana mota Peugeot 504 wadda ta daɗe a ajiye har tsatsa ta ci ƙasanta da ƙofofinta. Na kai ta garajin wani mai gyaran jikin mota da fenti domin ya mayar da ita yadda take a da, na ba shi jika 300 (wato CFA dubu 300) kafin alƙalami, muka ce sauran za mu daidaita idan an gama. An fi shekara ana ta jeka-ka-dawo. Da na je na tarar launin fentin ba shi na ce ba, wuraren da ya kamata a yanke a yi walda an cika su da mastik (ƙullin da ake shafawa a cike ramukan jikin mota kafin fenti), fitilun gaba na asali da bamba da tambarin zaki duk babu, ya sa na yanzu a madadinsu. Ya ce sace su aka yi, kuma wani malami ya gaya masa ma'aikaci amintacce ne, ba ya biyan abin da ya ɓata. Ya kuma nuna mini rubutu a bango cewa garaji ba shi da alhakin kayan kowa. Yanzu yana neman ƙarin jika 400, ya ce mota ba za ta fita ba sai na biya. Shin ya halatta in hana shi kuɗin, in kuma ɗauke injin fentinsa har ya biya ni kayana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kyautata makwancinsa.

Ɗan'uwa, abin da hukuncin kayan nan ya rataya a kansa shi ne inda aka yi aikin da kuma wanda ya yi shi. Ka ce mutumin nan yana da garaji a buɗe, yana karɓar aikin jama'a, kuma ka bar masa motar ka tafi gidanka. Wannan shi ne mai sana'ar da malaman Malikiyya suka ɗora wa lamuni, wato biyan abin da ya ɓata a hannunsa. Ibn Abi Zaid ya faɗa a cikin Risala cewa masu sana'a suna lamunce abin da suka keɓanta da shi, sun yi aikin da lada ne ko ba da lada ba. Shaihu Halil ya ƙara a cikin Mukhtasar cewa ana biyan ƙimar abin ta ranar da aka miƙa shi, ko da mai sana'ar ya shardanta cewa ba zai biya ba. Saboda haka rubutun bangon nan ba ya kare shi. Da a ƙofar gidanku ka kira shi ya yi aikin a gaban idonka, da hukuncin ya sake.

Maganar cewa ma'aikaci amintacce ne ba ƙirƙirarta aka yi ba. Ita ce ra'ayin Imam Abu Hanifa, kuma ita ce mafi inganci a cikin maganganu biyu na Imam Shafi'i, hujjarsu kuwa ita ce mai sana'a ya karɓi kayan da izinin mai su, don haka ya zama kamar mai ajiya, ba ya biya sai ya yi ta'adi ko sakaci. Amma kwatancin nan yana da rauni, domin mai ajiya yana riƙe kaya don amfanin mai kaya kawai, shi kuwa mai garaji ya karɓi mota ne don ribar kansa. Sannan jama'a ba su da makawa sai sun miƙa dukiyarsu ga maɗinki da maƙeri da makanike, kuma ba mai iya zama yana gadin motarsa a garaji tsawon watanni. Idan aka ce duk wanda ya ce "an sace" a gaskata shi da rantsuwa kawai, to an buɗe ƙofar cin dukiyar mutane, musamman a kan irin waɗannan kaya da ake kwancewa da sifana a cikin ɗan lokaci a sa a buhu. An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu ya ɗora wa masu sana'a lamuni, yana cewa ba abin da zai gyara mutane sai haka. Manyan almajiran Abu Hanifa guda biyu, Abu Yusuf da Muhammad bin Hasan, sun saɓa wa malaminsu a nan, suka ce a biya sai in abin ya fi ƙarfin mutum, kamar gobara mai cinye wuri. Almajirin Shafi'i, Rabi'u, ya ce malaminsa ba ya bayyana ra'ayinsa na rashin lamuni a fili saboda tsoron miyagun masu sana'a. Idan mai ra'ayin da kansa ya ji tsoron a yi wasa da shi, bai dace mai garaji ya ɗauke shi ya yi garkuwa da shi a garin da fatawa da hukunci suke gudana a kan mazhabar Imam Malik ba. Kuma ko a kan ra'ayin da ya riƙe, barin fitilu da bamba a fili ba tare da kulle ko mai gadi ba sakaci ne, mai sakaci kuwa yana biya a wurin kowa.

Hanya ɗaya ce take sauke masa lamunin: ya kawo shaidu adilai cewa an fasa wurin an yi sata ba tare da sakacinsa ba. Idan ya ce yaran garaji ne suka ɗauka, kada ka bi yaran, domin kai da maigidansu ka ƙulla magana, shi zai biya ka, ya san yadda zai yi da su.

Abin da za a biya ka shi ne ƙimar kayan na asali a matsayinsu na tsofaffi, ba farashin sababbi ba, kuma ba dole ne ka karɓi kwaikwayon da ya sa ba. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Turai, saboda haka dillalan tsofaffin kayan mota a nan da Kano sun san farashin fitilarta da bambarta, su za a tambaya. Ƙaunar da kake yi wa motar don ta mahaifinka ce ba ta shiga cikin ƙima.

Yanzu ka saurari abin da yake kanka. Cewar da kuka yi "sauran za mu daidaita" ta ɓata ƙullin tun daga farko, domin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ba ta inganta sai an ambaci lada an san aikin. Idan ijara ta ɓaci aka riga aka yi aiki, ana komawa ga ladan kwatankwaci, wato abin da masu sana'ar suka saba karɓa a kan irin wannan aiki. Ba jika 400 da ya yanka ne abin lura ba, ba kuma abin da ranka ya so ba. Sai a samo mutum biyu masana gyaran jikin mota, waɗanda ba su da alaƙa da ɗayanku, su ƙiyasta aikin da aka yi na gaskiya. Su duba wuraren mastik da mayen ƙarfe, domin ba ya kamawa inda aka lafta shi da kauri. Mastik siriri don daidaita fuskar ƙarfe yana cikin aikin, amma rufe tsatsa da shi ba tare da an yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ba algus ne, tsatsar za ta ci gaba da ci daga ciki, zafin bazara ya tsattsage fentin. Wannan ba shi da lada a kansa, kuma kuɗin kankare shi yana wuyansa. Daga nan sai a cire jika 300 da ƙimar kayan da suka ɓata daga ladansa, wanda aka bi saura ya biya.

Game da launi kuwa, ka shirya jin abin da ba zai yi maka daɗi ba. Idan mai kaya da mai sana'a suka yi saɓani a kan siffar aiki, babu rubutu babu shaida, maganar mai sana'a ake ɗauka tare da rantsuwarsa matuƙar abin da ya faɗa ya yi kama da gaskiya. Ka duba wayarka, idan akwai saƙon murya ko hoto da ka aika masa na launin da kake so, ka adana shi. Tarar jinkiri ma ba ka da ita tunda ba ku shardanta ba.

Ɗauke injin fentinsa bai halatta gare ka ba. Malaman da suka yarda mutum ya karɓi haƙƙinsa da hannunsa sun shardanta haƙƙin ya tabbata, kuma a aminta daga fitina da zubewar mutunci, kai kuwa ba a san adadin haƙƙinka ba tukuna, injin nan shi ne abincin iyalinsa da yaransa, kuma mai yiwuwa ka wayi gari kai ne ake tuhuma da sata. Ka jinkirta biyan ƙarin har a yi ƙiyasi, wannan haƙƙinka ne. Idan ƙiyasi ya nuna yana bin ka, yana da damar riƙe motar har ka biya, kuma jan rai bayan haka zalunci ne.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ya fi damuna. Ka ce mahaifinku ya bar "muku" motar. Idan ba a raba gado ba, motar nan ta dukan magada ce, har da mata da ƙanana idan akwai, kuma ba ka da ikon kai ta gyara ko yafe wani abu daga ƙimar kayanta sai da yardarsu. Rabon maraya kuwa ba a yafe shi ko da a wurin sulhu. Ka tara 'yan'uwanka ka gaya musu halin da ake ciki kafin ka ci gaba, ku kuma yanke ko kuɗin da ka kashe bashi ne a kan gado ko kyauta ce daga gare ka.

Ka fara da dattawan masu garaji, domin sun fi kowa sanin aikin, kuma yana jin kunyarsu. Idan abin ya ƙi, sai mai unguwa, sannan fada, sannan kotu. Kada ka yi ta yaɗa sunansa a majalisu da waya kana kiransa ɓarawo, domin lamunin da shari'a ta ɗora masa ba hukunci ne na cewa shi ya sata ba. Duk abin da aka daidaita a rubuta shi da adadi da ranar biya da ranar fitar mota, shaidu biyu su sa hannu, kowannenku ya riƙe kwafi.

Allah ne mafi sani.