Amsar Dakta a rukunin gida: mene ne FA2H ɗin nan da ke jikin takardar gwaji?

Assalamu alaikum. Yaya, na ga saƙonki tun da safe, aiki ne ya riƙe ni, ki yi haƙuri. Kin turo takardar gwajin yaron maƙwabciyarki, kika ce an rubuta FA2H, kuma uwar tana tambaya wai yaya yaro zai yi tafiya lafiya lau har shekara biyar, sannan ƙafa ta fara sanƙarewa, a ce mata kuma da abin aka haife shi. To bari in yi da murya, rubutu zai yi tsawo.

Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa, akwai wani rufi da ke naɗe da su, ana ce masa mayelin. Mafi yawansa kitse ne, in aka cire ruwa ya kai kashi 70 cikin ɗari ko ma fiye. Shi ke sa saƙo ya yi gudu. Jijiya mai rufi tana iya kai saƙo mita 100 a daƙiƙa ɗaya, marar rufi kuwa wajen mita ɗaya take ja.

To shi FA2H sunan wani sinadari ne mai aiki a cikin jiki, irin wanda muke kira enzayim. Aikinsa ɗan kaɗan ne wallahi. Yana kama dogon zaren kitse, ya maƙala masa oksijin da haidurojin a gurbi na biyu, shi ya sa kika ga lamba 2 a sunan. Shi ke nan. Amma wannan ɗan abin da ya maƙala shi ke sa kitsen ya kama juna gam, rufin ya daɗe.

Kin tuna ɗakin Kaka a ƙauye, yadda ake yaɓe shi da makuba? Ko ba makuba ɗaki zai tashi, a shiga a kwana, ba wanda zai gane bambanci. Sai an sha damina uku huɗu sannan bango ya fara zaizayewa. To haka abin yake. A 2008 wasu masu bincike a Bon ta ƙasar Jamus suka cire wa ɓeraye wannan enzayim, sai ga mayelin ya ginu daidai, ɓerayen suna yawonsu. Da suka manyanta ne rufin ya fara lalacewa. Amsar tambayar uwar ke nan. Rufin yaron ya ginu, ƙarko ne bai yi ba, don enzayim ɗin nan ba ya aiki a jikinsa.

A 2008 ɗin nan dai aka fara ba da rahoton ciwon a jikin mutane, a wasu iyalai na Gabas ta Tsakiya, daga baya aka tabbatar da shi a wani babban gida a Oman. Za ki ga wasu likitoci sun rubuta sunan ciwon SPG35, wasu FAHN, duk tushen ɗaya ne. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI kan nuna farin ɓangaren, inda jijiyoyi masu rufin suke, ya canza, wani lokaci har ƙarfe ya taru a can ciki. Wani abin mamaki, har gashi yana taɓawa, ya yi kaushi kamar burushi, don fata ma tana amfani da irin kitsen nan.

Sai maganar gado, a nan nake so a yi hankali da baki. Ƙwayar gadon da ke samar da FA2H tana kan kuromosom na 16, wato ɗaya daga cikin ƙunshin gado da ke jikin mutum, kuma sai yaro ya karɓi mai matsala daga uba, ya karɓi wata daga uwa, sannan ciwon ya fito. Su iyayen lafiyarsu ƙalau. Kamar dai sikila, AS da AS, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne. Shi ya sa ya fi fitowa a auren zumunci. Don Allah kar dangin miji su ɗora wa matar nan, rabi daga wajen ɗansu ya zo.

Kin kuma ce ana ta ba shi man shanu wai tunda kitse ne ya gaza. A'a Yaya, ba kitse ya rasa ba, mai gyara kitsen ne ba ya aiki, ko tulu guda ya sha ba zai je wurin ba. Maganin da ke warkarwa babu shi a yanzu, gaskiya ke nan. Abin da ke taimakawa shi ne gashin ƙashi a kai a kai don kar gaɓoɓi su ƙage, da magani irin baclofen mai sassauta sanƙarewa, shi ma likitan jijiya ne zai rubuta. In ya fara farfaɗiya ko yana shaƙewa wajen cin abinci, a koma asibiti da wuri. Kuma in yana da ƙanne, a gaya wa likitan, a duba su.

Allah ya ba shi lafiya. Ki gaida min ita, in akwai abin da ba ta gane ba ta kira ni bayan Isha'i.