Tambaya da Amsa: Ina son fara ɗaga ƙarfe a gida, ta ina zan soma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Funtuwa, shekarata 24. Wuni nake a kan keke, har bayana ya fara yi mini tsami, ga ni kuma siriri kamar sillen kara, nauyina kilo 58. Kuɗin shiga jim ya fi ƙarfina. Abokina ya ce in nemi bututun ruwa, in cika gwangwani biyu da siminti, in riƙa ɗagawa safe da yamma har sai hannu ya ƙi. Mahaifiyata kuma ta ce gwaiwa kawai zan jawo wa kaina. Maganar wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wasiƙarka ta ba ni dariya, domin da irin ƙarfen abokin naka na fara, a zauren gidan kawuna a Zariya, ina ɗan shekara 19. Gwangwanayen fenti biyu masu cin lita huɗu-huɗu, da guntun bututu. Lita ɗaya ta kankare tana kai kilo 2.4, ka ga ke nan kowane gwangwani ya haura kilo tara da rabi kaɗan. Wata shida ina fama da shi. Ranar da na kai shi kan sikelin 'yan jari-bola sai na tarar ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi da kusan kilo guda, ashe shi ya sa kullum kafaɗata ta hagu ke ƙorafi.

Amma babban aibinsa wani ne daban. Ƙarfen siminti nauyinsa ɗaya har abada. A makon farko ya fi ƙarfinka, bayan wata biyu ka fi ƙarfinsa, daga nan sai dai ka yi ta zufa a banza. Jiki kuwa ba ya ƙara ƙarfi sai an riƙa ƙara masa kaya kaɗan-kaɗan. Mutanen Girka na dā suna da labarin wani ɗan kokawa, Milo, wanda aka ce ya riƙa saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa kullum tun ranar da aka haife shi, har ya zama bijimi yana ɗaukarsa. Ko gaske ne ko almara, dabarar ke nan gaba ɗaya. Gwangwaninka maraƙi ne da ba ya girma.

Saboda haka abin da za ka nema shi ne sanda da faifai waɗanda ake zurawa a cire. Sandar da ake gasa da ita kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, ta mata kuma kilo 15. Ba dole sai ita ba. Akwai na hannu a kasuwa, kuma na ga waɗanda suka haɗa nasu da tsofaffin faifan birkin mota daga wurin 'yan gwangwan, suka auna kowane ɗaya a sikeli suka rubuta nauyinsa da fenti. Abu ɗaya za ka kula: ramin faifai iri biyu ne, akwai mai faɗin milimita 50, akwai ƙarami wajen rabin haka. Kada ka biya kuɗi sai ka zura faifan a sandar da hannunka. Kuma ko me za ka rasa, kada ka rasa ƙananan faifai biyu masu kilo 1.25 kowanne. Samari suna raina su, su kuwa su ne ke ciyar da maraƙin.

Maganar safe da yamma ka watsar da ita. Zafin nema ba ya kawo samu. A wurin ƙarfe gajiyar da tsoka kake yi, ginuwarta sai a wurin barci da kwanon abinci. Kwana uku a mako sun isa, da hutun yini a tsakani, misali Asabar, Litinin da Laraba.

Motsi uku za ka riƙe tukuna. Na farko tsuguno da sanda a bayan kafaɗa. Mu wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, tun muna yara a tsugune muke cin tuwo. Sanda ta zauna a kan naman kafaɗa, kada ta hau ƙashin wuya. Ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka sauka har cinya ta kwanta, dunduniya manne da ƙasa, gwiwa tana bin inda yatsun ƙafa suka dosa. Na biyu tura sanda sama daga ƙirji kana tsaye, ciki da ɗuwawu a ɗaure don kada baya ya lanƙwashe. Na uku ɗauko ta daga ƙasa. A nan ne masu sabon shiga suka fi ji wa kansu. Sandar ta tsaya saitin tsakiyar ƙafarka, ka sunkuya ka kama, ka miƙar da baya kamar katakon teburin yankanka, sannan ka taka ƙasa da ƙarfi, sanda tana gogar ƙwauri har ka miƙe. Manyan faifai na gasa faɗinsu santimita 45 ne, wato sanda tana tashi daga ƙasa kamar santimita 22. Idan naka ƙanana ne, ka ɗora su a kan katako ko bulo su kai wannan tsayin, in ba haka ba dole bayanka ya yi doro. Kafin kowace ɗagawa ka cika ciki da iska ka ɗaure shi, kamar wanda ya ga ɗan dambe zai kai masa naushi. Ka jingina waya a gefe ta ɗauke ka bidiyo. Na rantse da kaina bayana a miƙe yake, sai da na ga hotona kamar kyanwa ta ga kare.

Tsuguno da turawa, sau biyar-biyar zagaye uku, da hutun minti biyu zuwa uku. Ɗaukowa daga ƙasa zagaye ɗaya ya wadatar bayan ka ɗumama jiki. Ka fara da sanda tsirara, ko yaran gida za su yi maka dariya. Duk ranar da ka cika lissafi lafiya, zama na gaba ka ƙara kilo 2.5. Yi lissafin da kanka: sau uku a mako kilo 7.5 ke nan, cikin mako huɗu tsugunonka ya tashi daga 20 zuwa 50. Ba haka zai ci gaba da gudu ba, turawa sama ma ita ce za ta fara turjewa. Idan nauyi ya ƙi ka zama uku a jere, ka rage kashi ɗaya cikin goma ka sake hawowa. Kai da kake rubuta awon mutane a littafi, ka ware shafukan baya ka riƙa rubuta kwanan wata da kilo. Tsamin jikin da za ka ji kwana biyu bayan farawa na kowa ne, zai wuce.

Ka lura ban ambaci turin ƙirji a kan benci ba, alhali shi kowane saurayi ya fi so. Da gangan ne. Wata rana bayan Isha'i, ni kaɗai a ɗaki, kilo 60 ya sauko mini a ƙirji ya ƙi tashi. Ba numfashin kiran kowa. Da ƙyar na mirgina sandar ta bi ta haƙarƙari zuwa ciki, na yi mako guda ina sallah a hankali. Da a wuya ta sauka, da wani ne ke amsa maka wannan wasiƙa. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, ka kira abokin nan naka ya tsaya a kanka. In babu kowa, ka kwanta a ƙasa ka tura, gwiwar hannu za ta tokare kafin sanda ta danne ka. Tsuguno ma yana son madogara. Ka sa mai walda ya haɗa maka tsayayyun ƙarafa da ƙugiya daidai ƙirji, da wasu biyu a gicciye ƙasa-ƙasa waɗanda za su tare sanda in ka kasa tashi. Ka loda musu nauyi ka jijjiga kafin ka shiga ƙarƙashi.

Hajiya mahaifiyarka kuma ba ta faɗi maganar gwaiwa don tsoro kawai ba. Gwaiwa rauni ne a bangon ciki wajen matsematsi, inda hanji ke samun kafa ya leƙo. Ɗaukar abin da ya fi ƙarfin mutum na iya fito da ita in raunin na nan, kamar yadda tari mai daɗewa da yawan yunƙuri a ban-ɗaki ke yi. Idan kana da wani kumburi a wurin da ke fitowa in ka yi tari, ya koma in ka kwanta, asibiti za ka fara zuwa, aikin tiyata ne maganinta. Haka ciwon bayan nan, in yana sauka ƙafa da sanyi ko mutuwar jiki, likita tukuna. Ka auna jininka ma a kemis, ɗaure numfashi yana ɗaga shi na ɗan lokaci. Ka nuna mata littafin naka ta ga da sanda tsirara ka fara, hankalinta zai kwanta.

Abinci: kilo 58 yana son furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen giram 90 a yini. Ƙwai ɗaya giram shida ne. Wake, awara, kindirmo, ƙuli-ƙuli, kifi, duk suna cikin lissafi, kuma ka ƙara loma a kan yadda ka saba. Wanda ya zo maka da allurar kumbura jiki ka sallame shi. Tana lalata hanta da zuciya, tana rage maniyyi, kai kuwa ko aure ba ka yi ba.

TAMBAYA: Ni matar aure ce daga Maraɗi, shekarata 38, 'ya'yana huɗu. Ɗana yana da ƙarfe a tsakar gida, ina sha'awar gwadawa saboda gwiwoyina, amma ina tsoron jikina ya koma na maza.

AMSA: Hajiya, kwantar da hankalinki. Mu mazan ma da muke neman ƙwanjin ido rufe shekaru muke yi kafin ya fito, ke kuwa sinadarin da ke kumbura tsoka kaɗan ne a jikinki idan aka gwada da namiji. Abin da za ki samu ƙarfin cinya ne da ƙwarin ƙashi, wanda mata suka fi buƙata bayan al'ada ta ɗauke. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce kowane baligi, mace ko namiji, ya yi motsin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Kuma mata sun daɗe a harkar: Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Najeriya azurfa a ɗaga ƙarfe a Sidni a 2000, Folashade Oluwafemiayo kuma ta tura kilo 167 a gasar nakasassu ta Faris a 2024 ta ɗauki zinare. Ki fara da taɓarya. Ki riƙe ta a ƙirji, ki zauna a kujera ki tashi sau takwas, zagaye uku. Bayan mako biyu ki janye kujerar, sannan ki ari sandar ɗanki ba faifai. In gwiwar tana kumbura, ko an yi miki aiki a haihuwar ƙarshe, ki ji ta bakin likita kafin nan.

TAMBAYA: Yarona ɗan shekara 14 ya dame ni in saya masa ƙarfe. An ce yana hana tsawo. Gaskiya ne? Daga wani uba a Azare.

AMSA: Malam, binciken likitoci bai nuna cewa ƙarfe daidai misali, da babba a tsaye, yana daƙushe tsawo ba. Inda yara ke karyewa shi ne in sun taru su biyar suna gasar wa zai ɗaga mafi nauyi. Ka saya masa, ya tsaya a nauyin da zai ɗaga sau goma bai yi nishi ba, kana zaune kana kallo. In za ka fita kasuwa, ka kwashe manyan faifan ka kulle a ɗakinka, ka tafi da makullin.